Kurakuran da ke hana kabeji da ganye yin ƙaras-ƙaras a na'urar busarwa

Shanyar kayan miya ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Amma ganyen da za a zuba a tukunya daban yake da wanda za a jefa a baki kai tsaye. Na miya ko ya ɗan yi tauri, tafasa za ta gyara shi. Na ci kuwa sai ya bushe ƙayau, ya karye a haƙori. Shi ake yi a na'urar busarwa, wato na'urar lantarki mai farantai da ke hura wa abinci iska mai ɗumi har ya bushe. Yawancin ɓacin da ake samu daga ruwa yake fitowa, domin kabeji kusan kashi 92 cikin 100 ɗinsa ruwa ne.

Tun daga wanki ake fara ɓarna. Sai a wanke ganye, a yarfe sau biyu, a zuba mai. Mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye, gishiri da yaji kuma su gangare ƙasan kwano. Ki tsane shi a kwando, ki shimfiɗa a kan tsabtataccen ƙyalle, ki goge har sai hannunki ya daina jin danshi.

Sai jijiyar tsakiya. Ki ɗauki fallen kabeji ki duba: gefensa kamar takarda, tsakiyarsa kuwa fari ne mai kauri. Ba za su taɓa bushewa tare ba, gefen zai gama, jijiyar tana nan da ruwanta, tana tauri a baki. Ki sa wuƙa ki fitar da ita, ki ajiye don miya, sauran ki yaga manya-manya kamar faɗin tafin hannu, saboda zai tsuke sosai. Haka za ki yi wa alayyafo, ki cire sandunan. Zogale kuma ƙanana ne, suna zubewa ta ramukan faranti, sai an shimfiɗa musu raga mai ƙananan ido.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne yawan mai, don shi ba ya gyaruwa. Ruwa kawai na'urar take janyewa, mai yana nan inda kika zuba shi. Ganyen da ya sha mai ko ya kwana a ciki lagwab zai fito, bayan 'yan kwanaki kuma ya fara warin tsohon mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya ishi babban kwano cike da ganye. Ki zuba a tafin hannu, ki murza ganyen a hankali har ya ɗan yi sheƙi. In kika ga mai ya kwanta a ƙasan kwano, ki ƙara ganye tun kafin ki jera.

Gishiri ma haka. Kilo ɗaya na kabeji kan dawo kusan giram 100, amma gishirin bai ragu ba. Ki sa rabin abin da harshenki ya nema. Garin ƙuli-ƙuli da citta da tafarnuwa suna ba da ɗanɗano ba tare da an cika gishiri ba, yakuwa kuwa tsaminta ya ishe ta.

Kada son gamawa da wuri ya sa ki jibga ganye kan ganye. Falle ɗaya-ɗaya, da ɗan fili don iska ta ratsa. Zafi ya tsaya wajen digiri 52 zuwa 57 a ma'aunin Salshiyas. In ya wuce haka sosai, kabeji kan yi duhu ya soma ɗaci. Siraran ganye kan ɗauki awa 4 zuwa 6, kabeji ya kan kai 8 zuwa 12, kuma a tsakiya ki sauya wa farantan wuri. Ki fara lokacin da kike sa ran wuta za ta jima. In an ɗauke, kada ki bar ganye mai danshi a rufe cikin na'ura ya kwana, tsami zai yi. Ki fito da shi ki baza a faifai inda iska ke kaɗawa.

Kafin ki kashe, ki ɗauko falle ɗaya, ki bari ya huce, ki karya. In ya lanƙwashe, da saura. Kada ki zuba a kwalba da ɗuminsa, zufa zai yi. Ya huce tukuna, sannan a sa a kwalba mai murfi gam. Da hunturu ya fi jimawa, da damina kuwa yakan yi laushi cikin sa'o'i in an bar shi a buɗe. Wanda ya yi laushi amma bai canza wari ba, ki mayar da shi na'ura awa ɗaya ko biyu, zai dawo. Wanda ya yi fumfuna, zubarwa za ki yi.