Kurakuran da muke yawan yi wajen yaba binciken haɗin gwiwa kan muhalli da lafiya

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma na jami'a ko kwamitin ba da lambar yabo ya san wannan maganar, "aikin fa ya yi kyau amma ba na sashenmu ba ne", kuma wallahi da ita ake binne bincike mai yawa, musamman wanda ya shafi muhalli da lafiyar jama'a, don shi irin wannan aikin ba ya zama a sashe ɗaya ko an so. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne gubar dalma ta Zamfara.

A 2010 ne ma'aikatan MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Yaro ya yi ta amai da jijjiga, a ba shi maganin maleriya shiru. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce, kuma daga dutsen zinare take, wanda ake kawowa cikin gida ana daka shi a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara kusan 400 suka rasu. To likita yana da magani, akwai wanda ke janyo dalmar daga jini ta fita ta fitsari, amma in ka ba yaro ka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba kamar ka zuba ruwa a kwando ne. Dole sai da injiniyoyin muhalli na TerraGraphics da Blacksmith Institute suka zo aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ma sai 2013 aka samu kuɗin wannan aikin, kafin nan likitoci na gani amma ba halin fara magani.

Kuskure na farko da nake yawan gani, mutane na ɗauka in takarda ta ɗauko sunaye daga sassa huɗu to shi ke nan an yi haɗin gwiwa. A'a. Sau da yawa kowa babinsa ya rubuta a ofis ɗinsa aka manna, wani ma an sa sunansa ne kawai don abota. Abin da ya kamata mai tantancewa ya tambaya shi ne, shin abin da wancan ya gano ya canja abin da wannan ya yi? A Zamfara amsar e ce ƙarara. Masana duwatsu na hukumar USGS ta Amurka sun nuna dalmar da ke cikin dutsen ta rikiɗe zuwa nau'in da ke narkewa da sauri a cikin ciki, wannan ya bayyana wa likitoci dalilin da ya sa abin ya yi muni haka, su kuma likitoci sakamakon gwajin jinin yara da suka yi ne ya nuna wa masu gyaran ƙasa inda abin ya fi tsanani. In ba ka ga irin wannan kai da komowa a cikin aiki ba, kar tarin sunaye ya ruɗe ka.

Sai maganar ƙarin girma, kuma nan ne abin ya fi ci min rai. Lakcara a sashen kemistiri ya yi shekaru yana auna ruwan rijiyoyi tare da likitocin yara, aikin ya fito a mujallar lafiya mai daraja, ya kawo wa kwamiti sai a ce ai wannan mujallar ba ta fanninka ba ce, a rage masa maki, abokinsa likita shi ma a nasa ɓangaren a ce wannan ai kemistiri ne, kowa ya tashi a tutar babu, gobe in ka kira su wani aikin tare wa zai zo? Gyaran ba wuya gare shi ba. In za a tura aikin ga masu tantancewa na waje a tura wa mutum biyu daga fannonin biyu, kuma a nemi mai neman ƙarin girman ya rubuta a shafi guda takamaimai abin da shi ya yi a ciki. Mujallu da yawa yanzu suna buga wannan bayanin a ƙarshen takarda, kwamiti ya riƙa karantawa mana.

Haka batun sunan farko. Mun saba wanda sunansa ya zo a gaba shi ke kwashe kaso mafi tsoka, amma tsarin jera suna ya bambanta daga fanni zuwa fanni, a wasu fannonin lafiya babban mai kula da aikin a ƙarshe yake zuwa, malaman lissafi kuma galibi bin jerin haruffan sunaye suke yi. Sannan akwai waɗanda ba a ma sa su sam, ma'aikacin lab da ya kwana kan samfur, matar da ta shiga gida gida ta yi magana da matan kulle inda namiji baƙo ba zai taɓa shiga ba, mai unguwar da ya lallashi magidanta suka bari aka haƙe musu tsakar gida. Wanda ya cancanci suna a takarda a sa shi, sauran a ambace su da suna ranar ba da kyauta, in da kuɗi a ciki su ma su gani.

Wani kuskuren shi ne raina masu nazarin zamantakewa da tattalin arziki, ana ganin nasu surutu ne kawai tunda ba na'ura. Amma fa an hana haƙar zinare a Zamfara ba sau ɗaya ba kuma mutane ba su daina ba, saboda abin da mutum zai samu a zinare ya ninka na gona nesa ba kusa ba, ka ce ya bari ya ci me? Abin da ya yi aiki shi ne fitar da niƙa daga cikin gari, jiƙa dutse da ruwa don ƙura ta kwanta, wanka da canja kaya kafin a koma gida a ɗauki yaro. Wanda ya zauna da masu haƙar ya fahimci yadda suke raba kuɗi da abin da za su iya ɗauka, shi ma bincike ya yi. Likitocin dabbobi ma haka, an ruwaito agwagi sun yi ta mutuwa a yankin tun kafin a farga da yaran, da akwai mai bin wannan da an ankara da wuri.

Ita kuwa al'adar manna lambar muradun ci gaba mai ɗorewa a saman takarda, muradu 17 ɗin nan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ba ta da wani nauyi ita kaɗai. Ka rubuta muradi na 3 (lafiya) da na 6 (ruwa) ba ya nufin ka taɓa lafiyar kowa ko ruwansa. A nemi hujja, wace ƙaramar hukuma ce ta karɓi sakamakon, an koma garin an faɗa wa mutane abin da aka samu a rijiyarsu da harshen da suke ji ko kuwa an kwashi jini da ƙasa an tafi ke nan.

Kuma a daina gaggawar ba da kyauta shekara guda bayan buga takarda a rufe fayil. Gidan da aka gyara yana iya sake gurɓata in an dawo da niƙa ciki, kuma a 2015 irin wannan gubar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu. Masu ba da tallafi irin su TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da jami'o'inmu in za su ware kyauta, su ware wata musamman ga tawagar da ta koma bayan shekara uku ko biyar ta sake auna ƙasa da jinin yara ta buga abin da ta samu, ko da sakamakon bai yi daɗi ba.