Tankin kifin teku da tashi daga gidan haya: kurakuran da na gaji da gani

Karo na uku ke nan cikin shekarar nan wani ya kira ni da daddare murya na rawa, wai ya tashi daga gida ya koma wani, kifayensa sun fara kifewa ɗaya bayan ɗaya, me zai yi. Kuma in ka bi diddigi labarin duk iri ɗaya ne, tun ranar da aka sayi tankin aka yi ɓarnar, ranar tashi sakamako kawai ya fito. Mu da ke kiwon kifin ruwan gishiri a Kaduna ba mu da yawa, teku na da nisa da mu, zuwa Legas sai ka yi tafiyar sama da kilomita 700 a mota, kifi da gishiri da dutse duk daga can ake turo mana, to abin da ka sha wannan wahalar kafin ka samu bai kamata ya mutu a bayan a-kori-kura tsakanin Kawo da Barnawa ba.

Kuskuren farko, wanda ni ma ya ci ni, shi ne mutum yana gidan haya ya je ya sayi ƙaton tanki kamar shi ya gina gidan. Mutane in sun ce suna neman tanki marar nauyi, nauyin gilashin suke tambaya, alhali gilashi shi ne ƙaramin abu a lissafin. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya. Tankina na farko lita 200 ne, ruwan kaɗai ya haura kilo 200, gilashin wajen kilo 40, ga dutse ga yashi, in ka haɗa ka doshi kilo 300, wato buhun siminti shida jere a falo, kuma a bene nake. Ga shi na biye wa 'yan bidiyo na haɗa masa wancan ƙaramin tankin na ƙasa da ake kira samp, da bututai da gam da komai, abin gwanin sha'awa, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ɗaukar hoto. Sai mai gida ya aiko da takarda wai ɗansa zai yi aure yana son gidan.

Ranar tashi daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa, cikin zafin watan Maris, na kwashe kifin a bokiti, na zuƙe ruwan, amma sai na bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa tare da yashin, a tunanina ai ɗan kaɗan ne kuma kada yashin ya bushe. Babban cikin 'yan dakon ya leƙa ya ce "Oga, a ƙarasa zubar da ruwan nan mana, matakalar nan da kwana." Na ce ku dai ku ɗauka, ni na san abina. To ɗan kaɗan ɗin nan, a tanki mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 40, santimita 10 kacal na ruwa lita 40 ne, kuma ba nauyin da ke zaune wuri ɗaya ba ne, suna karkata ruwan da jiƙaƙƙen yashin su kwararo gefe ɗaya su daki gilashi, su daidaita ya koma ɗaya gefen. Ba abin da ya fashe a ranar, har ina yi wa mutumin kallon ka gani ko. Kwana uku tsakani, wajen ƙarfe biyu na dare uwargida ta tashe ni wai ƙafarta ta taka ruwa a falo. Silikon ɗin da ya riƙe gindin tankin ne ya saki ta kusurwa, ruwan gishiri ya cinye kafet, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya sauka wajen maƙwabcin ƙasa wanda ko gaisawar kirki ba mu yi ba tukuna. Gilashin tanki ba dunƙule yake ba jama'a, fale-fale biyar ne gam ya haɗa su, an yi shi ya zauna daram a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ba a yi shi a murɗa shi ba. Duk wanda ya ce maka a bar ɗan ruwa a ciki a ɗauka, ko babanka ne a harkar, ka ce masa a'a. A kwashe komai, ruwa, dutse, yashi, tankin ya fita wayam.

Tun daga nan na yanke wa kaina doka, muddin ina biyan haya ba zan wuce lita 60 zuwa 80 ba. Wanda nake da shi yanzu santimita 60 ne a tsawo, 35 faɗi, 35 tsayi, ya ɗan haura lita 70, in babu komai a ciki ni kaɗai ina rungumarsa, yana shiga kujerar bayan mota, kuma ruwansa kaf jarka uku ta lita 25 ke ɗaukewa. Irin wanda filtarsa ke cikin wani ɗan ɗaki a bayan tankin ne, ba bututu ko ɗaya da ya fita waje, ka zare waya biyu uku shi ke nan ka gama kwancewa. Masu samp za su ce nasu ya fi tace ruwa, gaskiya ne ban musa ba, amma su zo mu yi tashi rana ɗaya mu ga wanda zai riga kwanciya.

Sai kuma masu gudun gara su faɗa gidan zago, sun ji an ce babba wahala sai su sayo ɗan mitsitsi mai lita 15 ko 20 wai ai wannan ko a keke napep ka ɗauka. Ɗauka kam za ka ɗauka. Amma ka tuna gishiri ba ya bin tururi, ruwa ne kawai ke tafiya ya bar shi. Ruwan teku giram 35 na gishiri ne a kowace lita, to a tanki mai lita 20 in hunturu ya shanye maka lita biyu, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 39, kuma iskar Disamba da Janairu a garin nan ba sai na ba ka labarin yadda take busar da abu ba, leɓenka ma shaida ne. Haka zafi, ƙaramin ruwa nan da nan yake ɗumama nan da nan yake hucewa, kifin nan kuma 24 zuwa 26 suke so a ma'aunin zafi, ba sa son hawa da sauka. Kuma in ruwa ya ragu da ruwan daɗi ake cikawa, ba da na gishiri ba, wannan ma na ga wanda ya shekara yana yin akasin haka yana mamakin me ke kashe masa kifi.

Maganar akirilik da gilashi kuma, akirilik wato wannan roba mai kama da gilashi, nauyinsa wajen rabin na gilashi ne kuma ya fi jure buguwa, shi ya sa kowa ke cewa shi ne na mai yawan tashi. Ni dai na gwada na koma gilashi. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a soson gogewa ta ja maka layi daga sama har ƙasa, ga ƙurar Kaduna, ga yara da ke zuwa da cokali suna ƙwanƙwasa wa kifi. A girman lita 70 bambancin bai wuce 'yan kilo ba, bai kai abin da zan zauna ina kallon kifi ta cikin ƙarce ba. In ka haura lita 150 kuma a bene kake, to nan akirilik ya fara yin ma'ana.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, don wannan ba rashin sani ba ne kawai, lalaci ne. Tashi na biyu, daga Barnawa zuwa Malali, ina ji da kaina na zama gwani, tanki ƙarami, an kwashe ruwa tas. Duwatsun sai na zuba su a buhun shinkafa na jefa bayan mota tare da katifu. Aka samu cunkoso a gada, rana ta dake su, muka isa bayan la'asar a gajiye na ce bari sai da safe, kifin suka kwana a bokiti. Da safe buhun na wari kamar an buɗe kwata, ƙanena kuma don ya taimaka ya ɗauko buroshi ya wanke su fes da ruwan famfo ya shanya, ya zo yana ce min "Yaya, ka ga yadda suka yi fari?" Na mayar da su, na zuba ruwa, na saki kifi. Kwana huɗu suka fara haki a saman ruwa, kafin mako ya zagayo ba ko ɗaya, har da ma'auratan kilawunfish, ƙananan kifin nan masu ruwan lemo da farin zane, da na shekara biyu da su, macen in na kawo hannu har ɗan cizo take kai min.

Dutsen nan ba ado ba ne malam, shi ne filtar gaske, shi ya sa ake ce masa dutse mai rai. Cikin ramukansa bakteriya ne ke zaune, su ke karɓar amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci su mayar da ita naitirait, wasu su karɓa su mayar naitiret wanda ba shi da kaifin dafi sosai. Ka busar da dutsen ko ka wanke da ruwa mai kilorin, ka kashe su, kuma gawarsu da ta sauran ƙananan halittun ciki ita ma amoniya za ta zama. Wato ka koma sabon tanki, sabon tanki kuwa sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin ya iya riƙe kifi. Abin haushin, maganin bai wuce bokiti biyu masu murfi ba. Ka sa dutsen ciki, ka rufe shi da tsohon ruwan tankin, soson filta ma ka jefa ciki, a ajiye a inuwa, kuma ranar da aka tashi ranar ake haɗa tanki ko da gado bai shiga ɗaki ba. Ni yanzu tanki ne ƙarshen fita daga tsohon gida, shi ne farkon shiga sabo, kowa a gidan ya sani ba a ma yi min musu. Kuma tun wajen saye kada ka yarda da ƙaton dutse ɗaya dunƙulalle wai ya fi kyau, sayi matsakaita da za su shiga bakin bokiti.

Yashi kuwa ra'ayina daban ne da na wasu, ni zubar da tsohon nake yi in bar kofi ɗaya kawai in haɗa da sabo. Yashin da ya shekara a kwance in ka tone shi za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan iskar guba ce ga kifi. Shi ya sa ma ba na zuba shi da kauri, santimita biyu ya ishe ni.

Sauran ƙanana ne amma suna kisa. Bokitin fenti ko wanda aka taɓa jiƙa wanki da omo a ciki, a'a, haka jarkar da ta taɓa ganin fetur ko kananzir ko an wanke ta sau goma. Gishirin miya ba gishirin tanki ba ne, na tanki irin su Instant Ocean ko Red Sea akwai kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadarai a ciki, kuma ka tabbata kana da ragowa a gida kafin ranar tashi, ba ranar za ka fara kiran Legas ba. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a sabuwar unguwa ba ka san me ke ciki ba, nemi wanda aka tace da injin RO, wato injin da ke cire datti da sinadaran da suka narke a ruwa. Kada ka ba kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ba za su mutu ba, kashin da za su yi a bokiti shi ne matsalar. Sayi ɗan injin iska mai batir, kuɗinsa bai kai na kifi ɗaya ba. Kada ka sayi shuɗin kifin nan da ake kira tang don yara sun gan shi a katun, kifi ne mai son fili, tankin ɗaruruwan lita yake buƙata, a lita 70 kilawunfish biyu da ɗan ƙaramin kifin nan gobi guda ɗaya sun isa.

Teburin da za a ɗora tankin ma mutane na mantawa da shi. Na taɓa zuwa Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, na sa aka haɗa min na ƙarfe, mai waldar ya ce a yi masa fenti mai hana tsatsa na ce a bar shi ina sauri, wata shida feshin gishiri ya cinye ƙafafun, laifina ne. Yanzu na katako mai kauri nake amfani da shi wanda ake kwancewa da noti, da farin soson nan na kwalin firji a ƙarƙashin tankin. Kuma kada ka yarda da tayil ɗin sabon gida don ka ga yana sheƙi, ari ma'aunin magina ka ɗora, in babu ka zuba ruwa kaɗan ka duba ko ya fi taruwa gefe ɗaya.

In na je duba gida yanzu ejan yana nuna min kicin da banɗaki, ni ina neman bangon da rana ba ta dukansa kuma akwai soket kusa, ina tambayar maƙwabta awa nawa ake samun wuta a layin, don ƙaramin tanki irin nawa injin tura ruwansa bai fi cin wutar ƙwan fitila ba, ƙaramar inbata tana riƙe shi har safe, in zafi ya yi yawa in kunna masa 'yar fanka ta hura saman ruwan. Kwana biyu kafin tashi nake haɗa sabon ruwa jarka ɗaya in kai can in ajiye, saboda dole wani ya zube a hanya, na ƙasan tanki mai datti kuma ba na ɗauka. Kifin suna tafiya a bokiti cikin kula, a ƙasan kujerar gaba inda nake ganinsu, da sassafe kafin rana ta yi zafi kuma kafin 'yan makaranta su cika titi. Bayan an haɗa ba na kunna fitilar tankin sai washegari, abinci kuma ɗan kaɗan, ina gwada amoniya kullum har mako guda, kwalbar gwajin tana nan kan firji kusa da maganin yara, uwargida ta gaji da magana ta ƙyale ta a wurin.