Sabis a wurin bakanike ko gyara a gida: kurakuran da masu babur suka fi yi

Ranar da na fara yi wa babur ɗina juye da hannuna, ɗan kuɗin aikin bakanike nake ƙyashi. Na ari sifana wurin maƙwabci, na tara tsohon gwangwani a ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye tas. Da na zo mayar da notin, sai na ce bari in ɗaure shi ɗaurin da ba zai taɓa yoyo ba. Na danna da hannu, na ƙara da ƙafa, can sai na ji ya saki ya yi laushi. Da safe na tarar da tabon mai kamar faifai a tsakar zaure.

Bakaniken da na kai wa babur ɗin ya zura ɗan yatsa a ramin, ya zaro wani siririn ƙarfe a murɗe kamar zobe, ya ɗaga mini. "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Na ce wani yaro ne. Ya dube ni, ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcena, bai ƙara cewa komai ba. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam, saboda haka haƙoran ramin ne suka cinye. Sai da aka sake yanka wasu haƙoran, aka nemo noti mafi kauri, na sake sayen mai tunda na jiya ya tafi a ƙasa, ga wuni guda da na rasa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya haifi sauran, wato lissafi a baibai. Masu bidiyon gyara na YouTube da ke cewa ka yi da kanka ka tara kuɗi, yawancinsu daga Ingila ko Amurka suke magana, inda gareji ke cajin aiki da awa, har kuɗin aikin ya kan zarce na kayan. A Kano ko Gusau ko Maraɗi ba haka abin yake ba. Kuɗin hannun bakanike shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Mai da kayan gyara su ne masu cin aljihu, kuma farashinsu ɗaya ne ko kai ka ɗaura ko shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, kayan da ake shigowa da su daga Indiya da Sin suka yi tashin gwauron zabo, ladan bakanike kuwa a iya ganina bai bi su da wannan gudun ba. Ribar gyaran gida ba ta cikin ladan da ka hana bakanike. Tana cikin yin abu a kan lokacinsa, da sanin ainihin abin da aka zuba ko aka ɗaura maka.

Baƙin mai

A nan aka fi tafka asara. Mutane da yawa ba sa juye sai sun ji ƙarar inji ta canza, ko giya ta fara tauri. Kafin kunne ya ji, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Wasu kuma ciko kawai suke yi: mai ya ragu, a ƙara rabin kwalba, a ci gaba. Ciko ba ya fitar da dattin da ke kwance a ciki, sabon man ne ma yake shiga ya lalace.

Ƙananan babura irin Boxer da Jincheng da Haojue iska ce ke sanyaya injinsu, kuma man da suke ɗauka bai wuce lita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan ba. Wannan 'yar litar ita ke shafa fistin, ita ke cikin giya, ita ke jiƙa kuloci, a zafin watan Afrilu da ƙurar hanyar ƙauye. Ni dai ba na bari ya wuce kilomita 2,000. Na san mita a babura da yawa ta daɗe da mutuwa, to ka yi lissafi da kwana. Wanda ke yin kilomita 40 a rana, zuwa aiki da dawowa, kwana 50 ke nan. Ɗan acaɓan da ke yin 150 a rana, mako biyu ya ishe shi. Sabon babur kuma yana da juyen farko da wuri, kafin ya cika kilomita 1,000, saboda ɓurɓushin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Kamfani ya rubuta adadin a littafin da ke zuwa da babur, littafin da galibi a ledarsa yake tsufa.

Sai irin man. Na awo da ake tsiyaya daga duro a tsohuwar gorar ruwa, ba ka san asalinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Ka sayi na gwangwani ko jarka mai hatimi, ka duba da kyau ba a taɓa ɓalle murfin ba. Ka nemi lambar kaurin da littafi ya ce, wadda a yawancin baburanmu 20W-50 ce, da kuma rubutun 4T ko JASO MA. Rubutun JASO MA yana nufin an yi man don kulocin da ke wanka a cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi, idan ka zuba sai kuloci ya riƙa sulɓewa: ka murɗa totur, inji ya yi kuka, babur ya ƙi gudu.

Juye aiki ne da kowa zai iya a gida, in ya kiyaye abin da ni ban kiyaye ba. Ka ɗan ɗumama inji tukun don man ya saki jiki. Ka fara mayar da notin da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan matse da sifana, matsewar hannu ɗaya, ba ta ƙafa ba. 'Yar washar da ke jikinsa idan ta baje, canza ta, kuɗinta bai kai na shayi ba. Wajen aunawa, babur ya tsaya a miƙe a kan jak na tsakiya, ba a karkace ba. Kada ka cika ya wuce alamar sama da sunan ƙauna. Mai idan ya yi yawa kumfa yake yi, ya tura ta bakin gasket, ya jiƙa matacin iska.

Matacin iska da kaca

Matacin iska shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali a hunturu shi ke tsaye tsakanin ƙura da ringi. Idan ya toshe, babur ya kan yi nauyi ya ƙara shan fetur. Sai ka ga wani ya cire shi ɗungurungum ya ce ai yanzu mashin ya samu numfashi. Numfashin ƙasa da yashi yake yi, kuma bayan 'yan watanni salansa za ta fara hayaƙi, a ce sai an sauke inji an sa ringi da fistin. Idan naka na soso ne, ka wanke da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, ka ɗiga masa mai kaɗan ka sake matsewa. Idan na takarda ne, ruwa ko fetur kashe shi suke yi. Kaɗe shi za ka yi a hankali, in ya yi baƙi ƙirin ka sayi sabo.

Kaca kuma, kuskure biyu ne masu kishiyantar juna. Wani ya bar ta tana lilo har ta fita a tsakiyar titi, wani ya ja ta ta yi tsam kamar tsirkiyar baka. Na biyun ya fi ɓarna, don da zarar an ɗauki mutum ko buhu, bayan babur ya sauka, kacar ta ƙara ɗamewa, ta ci boris da haƙoran faifan da take hawa. Ka taɓa ta a tsakiya, ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, wajen faɗin yatsu biyu. Wajen ja, ka daidaita alamomin gefe biyu don tayar baya kada ta karkace. Idan haƙoran faifan sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙugiya, kada ka sayi kaca ita kaɗai. Tsohon faifai yana cinye sabuwar kaca nan da nan, saiti ake canzawa gaba ɗaya, na gaba da na baya da kacar. Ɗan makullin da ke haɗa bakinta kuma, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda kacar ke tafiya. Kuma don Allah kada a sa wa kaca mai inji yana kunne a giya. Yatsu da yawa sun tafi a haka.

A wurin bakanike

Masu kai wa gareji su ma suna da nasu kurakuran. Babba shi ne ka ajiye babur ka ce "a yi masa sabis", ka miƙa kuɗi ka tafi kasuwa. Sabis ba ta da ma'ana ɗaya. A wurin wani, juye ne da wanke fulogi. A wurin wani har da kwance kafireta da saita bawul. Ka zauna a kan benci ku lissafa abin da za a taɓa, ku yi ciniki kafin a ɗaga sifana. Mai da kaya ka sayo da kanka, ko ku je tare da yaron shagon, kuma a buɗe a gabanka. Abin da aka cire, ka ce a ba ka. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan, nawa ma da kansa yake jefa mini tsohon a leda.

Zaman nan a benci makaranta ce kyauta. Yawancin abin da na iya, a nan na gani.

Akwai wata buƙata da ta yi yawa tun da fetur ya yi tsada: "Oga, a rage masa shan mai." Sai a murɗe sukurun kafireta ko a sauke allura, fetur ya yi ƙaranci a cikin iskar da ke shiga. Kwana biyu za ka ji daɗi a gidan mai. Amma inji mai ƙarancin fetur zafi yake yi fiye da kima, ya ƙona bawul, wani lokaci har ya taɓa kan fistin. Fulogi zai gaya maka gaskiya: idan bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, lafiya lau. Idan fari ne fat, an matse shi da yawa. Idan baƙi ne mai gawayi, fetur ya yi yawa ko mataci ya toshe. Kafin a taɓa kafireta, a fara duba mataci da iskar taya da birkin da ke riƙewa, don sau da yawa a can fetur ɗin ke tafiya.

Kaya kuwa, mai shago ya kan ajiye maka kala biyu ko uku ya ce zaɓi. A murfin gefe ko madubi ko ledar kujera, ɗauki mai araha, ba komai. A takalmin birki da boris da taya da ringi, araha ba ta ado. Wanda ya mutu a wata uku, ka biya shi sau huɗu a shekara, kowane da kuɗin ɗauri.

Abin da za ka bari wa masu shi

Akwai ayyukan da karambani a cikinsu ya fi lada tsada. Saita bawul yana cikinsu. Tazarar da ake nema a ƙananan babura da yawa wajen milimita 0.05 ce, kaurin gashin kai ke nan, ana aunawa da siraran ƙarafan geji, inji kuma a sanye. In ta matse, bawul ya ƙone, in ta saki, ka riƙa jin ƙas-ƙas. A nan har bakaniken ma ka lura da shi, in ka ga yana saitawa da kunne a kan inji mai zafi, nemi wani. Haka sauke inji, da canza faifan kuloci, da ɗaure sifokin taya, da boris ɗin wuya. Waya ma haka. Fis ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari, ranar da wayoyin suka haɗu kuwa babu abin da zai tsaya musu sai hayaƙi.

Birki za ka iya ɗan matse notinsa a gida idan ya yi nisa, amma ka juya tayar ka tabbata ba ta riƙewa. Idan notin ya kai ƙarshe, takalmin ne ya cinye, kada a yi masa ciko da guntun gwangwani. Giris ko mai kada ya kusanci cikin gangar birki.

Taya, masu faci da yawa da yatsa suke aunawa, ko su buga ta da sifana su saurara. Ka sayi ɗan geji naka. A irin waɗannan babura, gaba wajen 25 ne a ma'aunin psi da ke jikin gejin, baya 28 zuwa 32 gwargwadon kaya, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Batir mai murafu idan ruwansa ya ja baya, ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma na rijiya ba.

Kayan aikin da gyaran gida ke bukata ba su da yawa: sifanu masu zobe daga lamba 8 zuwa 19, abin kwance fulogi, sukurdireba biyu, filaya, mazurari, geji. Ka sayi masu kyau sau ɗaya. Sifana mai laushi ko wadda ta yi wa noti yawa ita ke mulmule masa kai, daga nan sai kurfi da guduma, ko mai walda. Idan babur ɗaya gare ka, sai an yi juye da yawa kafin kuɗinsu ya fito daga ladan da ka rage, shi ya sa mu uku a layinmu muka haɗa muka saya, akwatin yana shagon mai kanti.

A cikin murfin akwatin akwai kwali da muka manna, kowa da layinsa, ranar juye da ranar wanke mataci. Nawa layin ya nuna saura kwana tara, amma hazon nan da ya sauko tun shekaranjiya ya sa gobe bayan Asuba zan buɗe matacin in gani.