Yadda za ku shirya kafin a yi wa yaro mai otizim gwajin ƙwayoyin gado

Iyaye da yawa idan likita ya ce ɗansu yana da otizim, wato galahanga, tambayar farko ita ce laifin wa, kuma wallahi galibi uwa ake ɗorawa. Ku ajiye wannan. Wani babban bincike da aka fitar a 2019 kan mutane sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin daga ƙwayoyin halitta yake, kuma wani lokacin ma canjin sabo ne, ya faru ne a maniyyi ko ƙwan mace, babu shi a jinin uba balle na uwa. Toh abin yi shi ne ku je asibiti da bayani a hannu, don sakamakon gwajin ya fi sauƙin fassarawa idan likita ya san me yake nema.

Ku fara da littafi da biro. Sati biyu ko uku kuna rubuta abin da kuke gani, ƙarfe nawa yake barci da tashi, me ya faru daf da ya fara ihu ko buga kai, yana cizon hannunsa ne, yana yin bayan gida kullum ko sai da ƙyar, ya taɓa ƙura ido ya sandare na ɗan lokaci. In da hali ku ɗauki bidiyo a waya, don yaro ba zai yi abin a gaban likita ba sai kun dawo gida.

Dalilin wannan wahalar shi ne wasu halayen suna tafiya da wasu ƙwayoyin gado. Yarinyar da take girma lafiya lau sai tsakanin wata 6 zuwa 18 ta fara rasa maganar da ta iya, tana murza hannayenta kamar mai wanki, likita zai tuna da ciwon Rett da ƙwayar MECP2. Yaro mai laushin tsoka, maganarsa ta yi jinkiri sosai kuma ko ya ji rauni bai cika kuka ba, ana duba SHANK3. Kai ya yi girma fiye da na tsaransa, akwai PTEN da CHD8, ita CHD8 ɗin ma tana yawan zuwa da rashin barci da matsalar ciki. Fararen tabo a fata tare da farfaɗiya kuma ana zargin TSC1 ko TSC2. Ba ku za ku yanke hukunci ba fa, naku kawai ku faɗi abin da kuka gani.

Sai tarihin dangi, ɓangaren uwa da na uba har kakanni. Wa ya yi jinkirin magana, wa ke farfaɗiya, wace mace ce al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, wane dattijo ne hannunsa ke rawa. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da alaƙa da wani ciwon gado da ake kira Fragile X, kuma nan ne maganar efijenetik take shigowa. Ƙwayar gado tana iya kasancewa a wurinta amma jiki ya kashe ta kamar yadda ake kashe makunnin fitila. A Fragile X wani guntun DNA a ƙwayar FMR1 yana maimaita kansa fiye da sau 200, sai jiki ya lulluɓe wurin da sinadarin metil, ƙwayar ta yi shiru, furotin ɗin da ƙwaƙwalwa ke buƙata ya ɓace, yaro ya taso da tsananin kunya da fargaba da gudun haɗa ido. Haka a kuromosom na 15 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), idan wani yanki ya ninku, ya fi jawo otizim in ta wajen uwa ya zo, saboda wasu ƙwayoyin wurin na uba a kashe suke tun asali.

Ku kuma faɗi magungunan da aka sha lokacin ciki, musamman valproate na farfaɗiya, an tabbatar yana ƙara haɗarin. Amma don Allah mai shansa kar ta daina da kanta, farfaɗiya a kan ciki ba wasa ba ce, ta ga likita tun kafin ta ɗauki wani cikin. Allurar riga-kafi kam ba ruwanta, takardar 1998 da ta tayar da jita-jitar cewa tana jawo otizim, mujallar likitoci ta Lancet ta janye ta a 2010.

A gaban likita ku tambayi gwaji uku: na Fragile X, na duba kuromosom dalla-dalla da ake kira maikuro'are, sai na ekzom wanda ya fi faɗi. Yawancin yara sakamakon ba ya nuna komai, don nasu ɗaruruwan ƙananan canje-canje ne suka haɗu, kuma hakan bai soke otizim ɗin ba. In kuwa an gano wani abu, zai nuna me za a sa wa ido, misali mai canji a TSC1 ko TSC2 ana duba masa ƙoda da zuciya, sannan ku san lissafin haihuwa ta gaba, don ƙanin yaro mai otizim haɗarinsa ya kai kusan 1 cikin 5.

Duk wanda ya ce yana sayar da maganin gyara efijenetik ku riƙe kuɗinku, babu irin wannan maganin da aka tabbatar. Kuma kar ku dakatar da koyar da magana da horon mu'amala kuna jiran sakamako, yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya fito.