Darasi na 9: Ƙarfen da ke Cikin Jikinmu

A fara karantawa a zuci, sannan a karanta da ƙarfi.

Da ƙananan ƙwayoyi aka gina jikin ɗan Adam, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikinsu akwai ƙarfe, ƙarfe na gaske. Babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4, abin da zai ƙera ƙusa guda. Mafi yawansa yana cikin jini, shi ke ɗauko iska daga huhu ya kai ta ko'ina.

Jiki marowaci ne a kan ƙarfe. Jar ƙwayar jini takan yi kwana 120 ta mutu, sai saifa ta kwashe ƙarfen a sake aiki da shi. Abin da ke zubewa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Mace mai jinin al'ada takan rasa fiye da haka, shi ya sa ƙarancin jini ya fi damun mata. Da al'ada ta ɗauke, ita ma sai ta fara tara ƙarfe kamar namiji.

Wata ƙwayar jiki kuma, idan ta tsufa, takan daina rabuwa biyu, amma ba ta mutu ba. Tana nan zaune tana tara ƙarfe, ƙarfen kuma in ya yi yawa sai ya riƙa cinta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. A ƙwaƙwalwa ma yana ƙaruwa da shekaru. Tutiya kuwa, dangin ƙarfe wadda ke taimakon ciwo ya warke, raguwa take yi a jinin tsofaffi da yawa. Ana samunta a nama da wake da gyaɗa.

Dalma ba ta da amfani ko kaɗan a jiki. Ƙashi ne maɓoyarta, tana iya shekaru da dama a ciki, sai mace ta yi ciki ko ƙashi ya fara rauni da tsufa ta koma jini. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Wani kwallin ma akwai dalma a cikinsa, kada a sa wa jariri.

To, ga inda muke kuskure. Baba ya ce jikinsa ba ƙarfi, sai a ruga kemis a sayo maganin ƙarin jini mai ɗauke da ƙarfe. A fara kai shi asibiti a auna. In jinin ya yi ƙasa, likita zai nemi dalili, don wani lokaci zuba yake yi a hanji ba a sani ba.

Aiki

1. Kwana nawa jar ƙwayar jini take yi?
2. A ina dalma ke ɓuya?
3. Ku rubuta waɗannan sau uku-uku: ƙarfe, ƙashi, ƙwaya. A kula da lanƙwasar ƙ.