Yadda na dawo da muryar DVD ɗinmu

Na sayo na'urar DVD a kasuwar Alaba da ke Legas, na kawo gidanmu da ke Agege na jona da talabijin. Hoto ras, kiɗa na tashi, amma maganar 'yan wasa kamar daga cikin rijiya. Abin ya dame ni, don Baba kunnensa ya yi nauyi.

Da farko waya na zarga. Rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, kowacce tana raminta. Ashe a saiti matsalar take. An bar sautin a 5.1, wato lasifika 6, kuma magana ta lasifikar tsakiya take fitowa, talabijin ɗinmu kuwa 2 gare shi. Na shiga Setup, wajen saitin DVD ɗin, na mai da Downmix zuwa Stereo, wato a haɗa sautin duka ya fito ta lasifika 2. Nan take murya ta fito tar.

"Yauwa, yanzu na ji," in ji Baba.