Yadda Ake Nazarin Lalacewar Isra'ila a Littafin Mahukunta

Wanda yake so ya fahimci yadda jama'ar da Allah ya fitar daga Masar ta wayi gari tana karkashe junanta, sai ya ɗauki Littafin Mahukunta na cikin Littafi Mai Tsarki, wanda wasu ke kira Alƙalai, ya karanta surorinsa 21 a jere cikin zama biyu ko uku. Tsintar labarin Gidiyon yau, na Samson wani mako, shi ne ke ɓoye wa masu karatu gangaren da littafin yake bi, har su ɗauka tarihin jarumai ne kawai.

Ka fara da sura 2, daga aya 10 zuwa 19, domin nan marubucin ya ajiye mabuɗin. Bayan rasuwar Joshuwa, magajin Musa, da tsararsa, wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san aikin da ya yi wa Isra'ila ba. Suka bi gunkin Ba'al, aka bashe su ga maƙiya, suka yi nishi, Allah ya tayar musu da mai ceto, wato mahukunci, sa'an nan da mai ceton ya mutu suka fi kakanninsu lalacewa. Wannan magana ta aya 19 ita ce ma'aunin sauran karatun.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane mahukunci, da shekarun zalunci, da abin da ya biyo bayansa. Za ka ga ƙasar ta huta shekara 40 a zamanin Otniyel, 80 bayan Ehud, 40 bayan Debora, 40 a zamanin Gidiyon, daga nan kuwa ba a sake ambaton hutu ba. Gidiyon da ya ci Madayanawa da mutum 300 shi ne ya ƙera falmaran na zinariya a Ofra wanda jama'a suka mayar abin bauta, ya zama tarko ga gidansa, ɗansa Abimelek kuma ya yanka 'yan'uwansa a kan dutse ɗaya. Yefta ya kashe 'yan'uwansa Isra'ilawa, mutanen kabilar Ifraimu 42,000, a mashigan Urdun. A zamanin Samson jama'a ba su ko yi kuka ga Allah ba. Mutanen Yahuza 3,000 ne suka ɗaure shi suka miƙa wa Filistiyawa.

Matakin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne bin sawun mata a cikin littafin, gama halin da marasa ƙarfi suke ciki shi ne ke tona asirin al'umma. A sura 1, Aksa 'yar Kalibu ta sauko daga kan jakinta, ta roƙi mahaifinta maɓuɓɓugan ruwa domin ƙasar da ya ba ta busasshiya ce, ya kuwa ba ta na tudu da na kwari. Ka riƙe wannan a ranka, ka wuce ta kan 'yar Yefta wadda wa'adin hadaya da mahaifinta ya yi wa Allah cikin gaggawa ya cinye, ka isa sura 19. Can a Gibeya, garin kabilar Biliyaminu, wani Balawi, wato ɗan kabilar Lawi masu hidimar sujada, wanda ya sauka kwana a garin, ya tura ƙwarƙwararsa waje ga 'yan iskan gari domin ya tsira da ransa. Da gari ya waye ya buɗe ƙofa, ya same ta kwance hannuwanta a kan dokin ƙofa, abin da ya iya ce mata kawai shi ne ta tashi su tafi. Ba ta amsa ba, ya ɗora ta a kan jaki. Ka karanta wannan tare da Farawa sura 19, za ka ga abin da aka yi a Saduma ne ake yi a cikin gidan Isra'ila, alhali kuwa Balawin ya ƙi kwana a Yebus, wato Urushalima, ya zaɓi Gibeya ne domin a lokacin Yebus garin baƙi ne.

Kada ka tsallake sura 17 da 18, inda wani mutum mai suna Mika ya ɗauki wani Balawi dabam aikin firist a ɗakin gumakansa a kan azurfa 10 a shekara da sutura da abinci, Balawin kuma ya bi mutanen kabilar Dan da murna da ya ga matsayi mafi girma. Lalacewar sujada ta zo kafin ta'asar Gibeya, da gangan kuma aka jera su haka. Ka ja layi a wurare 4 da aka ce babu sarki a Isra'ila: 17:6, 18:1, 19:1 da 21:25.

Idan a ƙungiyar nazari kake jagoranci, ka sanar da mutane tun da wuri abin da sura 19 ta ƙunsa, domin mai yiwuwa akwai wadda aka taɓa ci wa zarafi a cikinsu, ka kuma hana a mai da zaman wurin zargin wasu, kowa ya fara da gidansa da ikilisiyarsa. A zama na gaba ku karanta Littafin Rut, wanda ya faru a zamanin mahukuntan nan, ku gwada yadda Bo'aza ya hana barorinsa taɓa Rut, baƙuwa mai kala a gonarsa a Baitalami da abin da mutanen Gibeya suka yi.